Gargaɗi: Kada Almakashi Ya Riga Ruwa Taɓa Yadi

Jama'a, masu sayen yadi da masu ɗinka shi, ku dakata kafin a kwashi kayan Sallah a kai wa tela. Yadin audugar da bai taɓa shiga ruwa ba, duk awon da aka yi a kansa na wucin gadi ne. Tsawonsa na gaskiya ba ya bayyana sai ya jiƙe ya bushe. Launinsa ma haka, sai ya gamu da ruwa da sabulu ake sanin ko zai zauna ko zai zuba. Kuma abin da aka shafa masa a masana'anta yana nan a jikinsa har ranar da aka wanke shi, ko da kuwa jaririn kwana bakwai za a naɗe a ciki. A wanke yadi kafin a yanka. Wanda ya ji wannan ya gaya wa na kusa da shi tun yau, domin da zarar teloli sun cika da aiki babu mai sauran lokacin jiƙa yadi da shanya shi.

Kowa ya san rigimar da ake yi bayan Sallah da mako biyu. Magidanci ya shigo shago da wando a hannu yana huci: "Malam, ka cuce ni. Yadi biyar na ba ka, dubi inda wandon ya tsaya." Tela ya ɗauko littafin awo ya nuna masa: "Wallahi Alhaji, inci arba'in da ɗaya na yanka, ga shi a rubuce." A ɗauko tef a gwada, a tarar da talatin da tara. Mai kaya ya tafi da zargin an rage masa yadi, tela ya zauna da baƙin cikin an kira shi ɓarawo a gaban yaransa. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Yadin ne ya tsuke a wankin farko. Zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da bokitin ruwa ɗaya zai iya hanawa, kuma wannan shi ya fi ci mini rai a cikin lamarin.

Ga yadda abin yake faruwa. A masaƙa, zaren tsaye a ɗaure yake tamau daga farkon saƙa har ƙarshe, na kwance yana ratsa shi. Bayan saƙa, ana jan yadin ta cikin injinan wanki da na rini da na busarwa, duk a miƙe, ana riƙe da gefensa biyu da ƙugiyoyi don ya kai faɗin da ake so. Da zafi ake busar da shi a wannan miƙewar, a naɗe shi a haka, a kawo mana kasuwa. Zaren auduga kuwa da ya sha ruwa sai ya kumbura, ya saki jiki, ya koma yadda yake so ya zauna. Shi ya sa yadi ya fi tsukewa ta tsawo fiye da ta faɗi, tunda zaren tsaye ne ya fi shan ja. Shi ya sa kuma wando da hannun riga suka fi nuna abin.

Yawancin yadin auduga yakan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wanda ba a yi masa wani gyara ba kuwa yana iya kaiwa kashi 10. Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe ku, ku yi lissafi. Turmin atamfa yadi shida ne, inci 216 ke nan. Kashi 5 cikin ɗari na wannan ya kusa inci 11. Kaftani mai tsawon inci 40 zai rasa inci biyu. Wuyan riga mai inci 16 zai rasa fiye da rabin inci, maɓalli ya ƙi shiga. Rigar mace da aka ɗinka daidai jiki, inci ɗaya a ƙirji ya isa ya hana zif rufuwa. Yaro kuwa, da ma girma yake yi, ga riga tana ja da baya. Kafin Babbar Sallah ta zo an ba ƙaninsa.

Masu masana'antu sun daɗe da sanin wannan matsala. A shekarar 1930 wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya yi rajistar wata dabara ta jiƙa yadi da tururi a matse shi ta tsawo tun a masana'anta, yadda ba zai ragu da fiye da kashi 1 cikin ɗari ba idan an wanke. Dabarar tana nan ana aiki da ita, amma ƙarin kuɗi ce, ba kowane yadi ake yi wa ba. Mai saye a Kantin Kwari ko a kasuwar Maraɗi ba shi da hanyar ganewa da ido ko an yi ko ba a yi ba. Shi kansa ɗan kasuwar galibi bai sani ba. Bandir aka kawo masa daga Sin ko Indiya, ya biyo jirgin ruwa a cikin kwantena, ya sauka Ikko ko Kwatano ko Lome, ya hau mota zuwa arewa. Idan ya ce maka "wannan ba ya tsukewa," abin da aka gaya masa ya faɗa. Ka karɓi maganarsa da mutunci, amma ka gwada.

Gwajin ba shi da wuya. A yanki ƙyalle daga ƙarshen yadin, a zana murabba'i mai inci 10 ta kowane gefe da biro, a wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar, a shanya, a goge, a sake awo. Idan ya dawo inci tara da rabi, kashi 5 cikin ɗari ya tafi. Duk shagon ɗinki ya kamata a ce ana yin wannan ga kowane sabon yadin da ba a saba da shi ba.

Tsukewa ita kaɗai da sauƙi, da a ce riga gaba ɗaya tare take raguwa. Babbar ɓarnar tana zuwa ne inda aka haɗa yadi iri biyu a ɗinki ɗaya. Duba rigar da aka yi wa shafi. Yadin waje auduga ne, shafin ciki roba. Aka wanke, na waje ya tsuke, na ciki yana nan yadda yake, sai ka ga shafi yana leƙowa ta ƙasan riga, ko ya tattare a ciki ya yi ƙulli-ƙulli. In kuwa shafin ne na auduga, shi zai ja na waje, gaban riga ya kumbura, babu gugar da za ta kwantar da shi. Haka aikin wuya. An zauna an zuba aiki mai yawa a kan yadin da bai shiga ruwa ba, ko na hannu ko na keke, yadin ya tsuke a kewaye, zaren aikin bai tsuke ba, sai wuyan ya yi ta murɗewa. Babbar riga mai aska takwas wata nawa take ci a hannun mai aiki? Wanki ɗaya ya isa ya ɓata wahalarsa. Akwai kuma yadin da aka ja shi a karkace tun a masana'anta. Shi idan ya jiƙe sai zaren ya koma daidai, ɗinkin gefen wando ya juyo gaban ƙauri. Wannan ba shi da gyara, ko wane gwani aka kai wa.

Sai maganar zuba. Rini iri-iri ne, kuma ba kowanne ne yake kama zare da ƙarfi ɗaya ba. Ko wanda ya kama da kyau, akan sami ragowar da ba ta shiga zare ba, tana kwance a sama, wadda aikin masana'anta ne ta wanke ta. Mai neman arha yakan taƙaita wannan wankin, sai ya zama ku za ku yi shi a gida. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu da ruwan hoda mai kauri su suka fi zuba. Idan yadin shi kaɗai ne a baho, babu asara, ruwa ne zai canza launi a zubar. Amma idan an riga an ɗinka jan ƙyalle a jikin farar riga, ko an yi wa baƙin yadi farin shafi, ko an sa farin leshi a bakin atamfa mai duhu, to rinin ba shi da wurin zuwa sai jikin farin. Kafin a ankara ya kama.

Mu da muke da marina bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Rinin baba, irin na Ƙofar Mata a Kano da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yawancinsa a bayan zare yake kwanciya, shi ya sa yake goguwa. Turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa, wannan shuɗin da yake bari a fata shi ne abin so a wurinsu. To amma wanda zai haɗa rinin baba da wani yadi mai haske a ɗinki ɗaya, dole ya ɗauraye shi shi kaɗai har sai ruwa ya fito garau. Haka shaddar da ake rinawa a Bamako, wadda muke kira galila, da duk wani adire.

A nan zan tsaya a kan wata al'ada da ta yaɗu, wato zuba gishiri a ruwa wai don ya kama launi. Gishiri yana da aiki a lokacin rini, yana taimaka wa wasu rinuka su shiga auduga. Bayan an gama rini yadi ya bushe, ya shigo kasuwa, gishirin da kika zuba a baho ba zai ɗaure ragowar rinin da bai kama ba. Illar wannan al'ada ita ce tana sa mutum ya saki jiki, ya jefa fari da ja a ruwa ɗaya yana ganin ya yi maganin abin. Abin da yake aiki shi ne ɗauraya, a canza ruwa, a sake, har ragowar ta ƙare. Idan an canza ruwa sau huɗu sau biyar yana nan yana zuba kamar farko, wannan yadin kada a haɗa shi da komai. A ɗinka shi shi kaɗai, a riƙa wanke shi shi kaɗai. Mai son ganewa tun a kasuwa ya tafi da farin ƙyalle, ya ɗan jiƙa shi, ya nemi izinin mai kanti ya goga a gefen yadin. In ya ɗauko launi, ya san abin da zai saya.

Yanzu ga abin da ya sa na kira wannan rubutu gargaɗi, domin asarar kuɗi ana iya mayar da ita. Wannan ƙamshin na sabon yadi da muke so, da ƙarfin nan da yake yi a hannu, ba na auduga ba ne. Tun kafin saƙa ana shafa wa zaren tsaye sitati ko wani danƙo don kada ya tsinke. Bayan rini kuma akan ƙara wasu sinadarai don sheƙi, don laushi, don kada ya yamutse. Cikin waɗanda ake sa wa auduga don hana yamutsewa akwai masu fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda yake sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje da jan fata, musamman inda tufa take gugar jiki ana gumi: wuya, hammata, ƙugu, bayan gwiwa. Ƙasar Japan ta yi doka a kan wannan tun 1973, ta tsananta ƙwarai a kan tufafin yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a miligiram 75 cikin kowane kilo na tufar da take taɓa fata, kuma tun 2002 ta hana wasu rinuka na dangin azo waɗanda suke iya sakin sinadarai masu haɗari. Manyan ƙasashe ba su zauna sun yi waɗannan dokoki a banza ba. Yadin da muke saye a buɗe, a yanka mana daga bandir, babu takardar da take biyo shi zuwa hannunmu ta ce an gwada shi.

Ba ina cewa kowane sabon yadi guba ba ne, kuma ba na son kowa ya firgita. Mutane da yawa suna sa sabo ba su ga komai ba. Ba kuma zancen najasa nake yi ba, sabon yadi a kan tsarkinsa yake. Magana ce ta fata, kuma fatar jariri ba irin tamu ba ce. Ta fi siriri, ta fi saurin jin abu. Ku dubi abin da muke yi ranar suna. Kayan barka sun taru, an ɗinka wa jariri riguna daga sabon yadi, an ciro sabon zanen goyo da majanyi daga leda, maijego ta sha sabuwar atamfa mai ƙarfi, jariri yana manne da ita yana shan nono, fuskarsa tana gugar yadin, ga zafin bazara. Kwana biyu ƙuraje su feso, a ce zafi ne, a shafa hoda. Wataƙila zafin ne. Wataƙila kuma yadin ne. Iyaye mata, kakanni, ungozoma, don Allah duk abin da zai taɓa jikin jariri a wanke shi tukuna, da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai, ko ɗinkakke ne aka saya a kanti. Fomaldihaid da yake kwance a saman yadi yana narkewa a ruwa, wanki yana rage shi ƙwarai. Amma ba kowane abu wanki yake fitarwa ba. Akwai rinin yadin roba da yake ci gaba da damun mai saurin kamuwa ko an wanke. Saboda haka idan ƙuraje suna fitowa daidai inda wata tufa take taɓawa, a cire ta a ajiye, in abin bai lafa ba a kai yaro asibiti, a tafi da tufar a nuna.

Teloli, wannan ya shafe ku fiye da kowa. Mai kaya rana ɗaya yake sa sabon yadi, ku kuwa kullum a cikinsa kuke. Kun san yadin da idan aka ɗora masa dutsen guga mai zafi yake tashi da wani wari mai shiga ido da maƙogwaro. Kun san ƙurar da take tashi wajen yanka. A daren Sallah a ƙaramin shago, mutum shida ko bakwai, ƙofa a rufe, janareta yana aiki a bakin ƙofa, yara masu koyo suna guga har asuba. Hukumar binciken cutar daji da take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldihaid a jerin abubuwan da suke jawo cutar tun 2004, bisa abin da aka gani a ma'aikatan da suka daɗe suna shaƙarsa da yawa. Abin da yake jikin yadi bai kai na waɗancan masana'antu ba, amma babu dalilin da zai sa ku yi ta shaƙa alhali ga mafita. Ku buɗe taga, ku fitar da teburin guga inda iska take, ku nesanta janareta daga ƙofa. Yadin da aka wanke kuma ya fi daɗin ɗinki: allura ba ta ɗaukar danƙo, alli yana kama shi, kuma abin da kuka auna shi zai zauna.

Na san abin da za a ce. Za a ce wa zai yarda a jiƙa masa sabuwar shadda? Gaskiya ne, kuma ba zan ce a jiƙa ta ba. Sheƙin shadda, irin gezna da kamfanin Getzner yake yi a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, ana samar da shi ne ta hanyar matse yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi, kuma shi ne abin da mutum ya biya kuɗi mai yawa dominsa. Ruwa yana rage shi. Wanda aka kai wa mabuga aka buga ma haka. To a nan hanya ita ce gwajin ƙyalle: a yanki ɗan kaɗan a wanke a gani. Gwargwadon abin da ya ragu, tela ya ƙara a awo, ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da bakin hannu yadda za a iya saki daga baya. Shafin da za a sa mata kuwa, in na auduga ne, a wanke shi, tunda ba a ganinsa. Zaren aiki mai launi a jiƙa ɗan guntunsa a ɗora a kan farin ƙyalle a ga ko zai zuba, kafin a zuba shi a wuyan farar shadda.

Ulu ba a yi masa wankin baho da cuɗa, dunƙulewa yake yi. Tururin dutsen guga ta bayan ɗanyen ƙyalle ya ishe shi. Leshi mai duwatsu da siliki da karan-miski, a bar su, a tambayi wanda ya san su. Yadin roba zalla ba ya tsukewa sosai, amma in zai taɓa fata a ɗauraye shi. Wanda babu sassauci a kansa shi ne auduga da lilin da yadin nan mai sanyi da zubi da ake kira reyon, wanda yakan fi auduga ma tsukewa. A nan ne yadin maza na yau da kullum yake, da na kayan makaranta, da zanen gado, da labule, da saƙi, da yawancin atamfa.

Atamfa tana da nata taurin kai a wurin mata, na sani. Ana son a fita da ita da ƙarfinta, kowa ya ga sabuwa ce. Hajiya, ƙarfin nan sitati da guga suna dawo da shi. Inci biyun da siket ya rasa babu abin da yake dawo da su. In anko ne, a yi shawara tun wajen rabo: ko kowa ta wanke, ko a gwada ƙyalle ɗaya a gaya wa kowa abin da aka gani, kowace ta faɗa wa telanta. Makarantun da suke ba da kwangilar ɗinkin yunifom na ɗaruruwan yara, su sa wannan a cikin sharaɗi, domin iyaye ne suke sake saye a zango na biyu.

Akwai masu sana'ar da gargaɗin nan ya fi kamawa, wato masu haɗa ƙyallaye su yi bargo, ko shimfiɗar gado, ko jaka, ko matashi. Sana'a ce mai kyau da take ƙaruwa a hannun mata da matasa, tana mayar da abin da ake sharewa a shagon tela ya zama kuɗi. Amma bargo ɗaya yana iya ɗaukar ƙyalle hamsin daga yadi hamsin, kowanne da yadda yake tsukewa, kowanne da yadda yake zuba, ga auduga ko soso a tsakiya, ga wani yadin a baya, an bi duka da ɗinki. Jan ƙyalle ɗaya tak ya isa ya ɓata aikin wata guda. Matan Bengal da suke ɗinka abin da suke kira kanta, da tsofaffin tufafinsu suke yi, waɗanda suka sha wanki har suka gama tsukewa da zuba, shi ya sa aikinsu yake zama lafiya. A Amurka, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, masu yin ta sun rabu biyu: wasu suna wanke kowane yadi kafin yanka, wasu suna barin shi da gangan don suna son ɗan yamutsin da bargo yake yi bayan wanki. Amma su galibi yadi iri ɗaya suke saye, wanda aka saƙa musamman don wannan aiki. Mai tsintar ƙyalle daga shaguna goma ba ta da wannan gatan. Ta ware su launi-launi, ta jiƙa a roba da hannu ba tare da cuɗa ba don kada gefensu ya zare, ta shimfiɗa su bushe, ta goge, sannan ta yanka. Kada kuma ta haɗa wankakke da marar wanki a aiki ɗaya.

Yadda ake wankin kansa ba wani abu ne mai wahala ba, sai dai akwai wuraren da ake kuskure. A fara cire takardar da take manne a jikin atamfa. A ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin, danƙon ya yi laushi, a ɓare a hankali. In ta shiga ruwa da takardar, danƙon zai zauna ya yi ta kama datti. Bakin da aka yanka a yi masa wibin ko a kalmashe shi, don kada zare ya yi ta fita. A warware yadin gaba ɗaya, kada a tsoma shi a ninke, domin ruwa ba zai ratsa tsakiya ba, kuma ninkin yakan bar layi. A ba shi kamar rabin awa ya sha ruwa sosai, saboda sabon yadi yakan ƙi jiƙewa da farko. Irin ruwan da za a riƙa wanke rigar da shi nan gaba, da shi za a yi. Wanda zai riƙa ba mai wanki da guga ko ya sa a inji, ya yi wannan wankin ma ta can. Sabulu kaɗan, ban da bilic. Kowane launi da bahonsa. Kada a murɗe shi da ƙarfi wajen matsa. A shanya a inuwa, a miƙe, ba a rataye ta kusurwa ɗaya ba, kuma kada mai duhu ya ɗiga a kan mai haske. A goge shi da sauran danshi, ana bin tsawon zare, ba tare da ja ba. In aka ja shi wajen guga an mayar da shi inda ya fito, zai sake tsukewa.

Wajen saye kuma a ƙara. Wanda yake sayen yadi biyar ya sa kwata ko rabin yadi a kai. Tela kuma ya auna yadi a gaban mai shi ranar da aka kawo, ya tambaya: "Hajiya, an wanke ko ba a wanke ba?" In ba a wanke ba, a yi magana a fili, ko ta koma da shi ta wanke, ko shago ya wanke a sa kuɗin a cikin na ɗinki, ko ta ce a yanka haka ta ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. A rubuta a littafi kusa da awo. Tun ran gini ran zane.

Wanda kuma wannan gargaɗi ya iske an riga an yanka nasa, ya je wurin tela yau, kafin a haɗa. Ya roƙi a bar kalmasa mai yalwa a ƙasa da hannu, a bar sarari a ɗinkin gefe, a wanke shafin in ba a manna shi ba tukuna, a ba shi ragowar ƙyallen ya gwada a gida. In ya ga yana zuba kuma akwai fari a jikin ɗinkin, a canza farin tun yanzu. In an gama ɗinki, wankin farko a yi shi da hannu, da ruwan sanyi, shi kaɗai, kada a bar shi a jiƙe ko na minti goma, a ɗauraye da ruwa mai yawa a shanya nan take a inuwa. Na jarirai da ƙananan yara kuwa, ko an gama ɗinki ko ba a gama ba, a wanke kafin ranar sawa.